Ɗalibin Hausa Tsakanin Manhajar Sabo da Al'adar Na'ura

Ba kasafai ɗalibin Hausa na wannan zamani yake fara aiki ya gama shi a kan na'ura guda ba. Yakan ɗauki bayanan darasi a wayar Android, ya je shagon buga takardu ya tsara su a kwamfuta mai Windows, sannan ya aika wa malamin da ƙila Mac yake amfani da ita. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan manyan manhajoji masu sarrafa na'ura tana da tsarinta da ɗabi'unta. Tambayar da ke gaban ɗalibi ita ce: ya nemi manhajar da ya saba da ita ya ɗora ta duk inda ya je, ko kuwa ya koyi yadda ake yi a kowace na'ura?

Masu cewa a bi al'adar na'ura suna da hujja mai ƙarfi. A 1987 kamfanin Apple ya wallafa littafin ƙa'idojin da yake son masu ƙirƙirar manhaja su bi. A Mac, jerin umarni yana can saman allo, maɓallan rufe taga suna hagu, kuma ana kwafa da liƙawa da madannin Command. A Windows kuwa, jerin umarni yana cikin kowace taga, maɓallan suna dama, kuma madannin Ctrl ne ke wannan aiki. Amfanin irin wannan tsari shi ne mutum ya koyi abu sau ɗaya, ya same shi a kowace manhaja ta wannan na'ura. Tarihi ya nuna cewa mutane ba sa wasa da hakan. A 1994 Microsoft ya fitar da Word 6 domin Mac, wadda aka gina tare da ta Windows, ta kuma zo da kamanninta. Masu Mac suka yi ta ƙorafin nauyinta da baƙuntarta, da yawa suka ci gaba da riƙe tsohuwar Word 5.1, har sai da kamfanin ya sake shiri ya fitar da Office 98 wadda ta fi dacewa da gidan.

Su ma masu riƙe da sabo ba a banza suke magana ba. Wanda ba shi da kwamfutar kansa, yau ya ara a nan gobe ya yi haya a can, ba zai iya zama ya koyi al'adar kowace na'ura ba. Manhajoji irin su Firefox da VLC da LibreOffice suna aiki a Windows da Mac da Linux, kyauta ne, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne a ko'ina. Ga ɗalibin da ranar miƙa kundi ta ƙarato, samun abin da ya sani a inda ya saba ganinsa ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai sabo yana da iyaka, kuma mutanen Nijar da Kamaru da Chadi sun fi kowa sanin haka. Kwamfutocin da suka fi yawa a ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna da jerin madannai na AZERTY, na Nijeriya da Ghana kuwa QWERTY. A tsakanin biyun, A da Q sun sauya wuri, haka Z da W. Ɗalibin da ya saba da kwamfutar Katsina, idan ya zauna a shagon Maraɗi ya kai yatsa inda ya saba samun Z domin ya warware kuskure, W zai danna, wato umarnin rufe takarda. Ko manhajar ma takan sauya hali: a Word ta Ingilishi Ctrl da B ne ke kaurara rubutu, a ta Faransanci kuwa Ctrl da G. Sunan manhaja ɗaya ne, amma hannu ya ɓata hanya. Ba a banza Hausawa suka ce sabo turken wawa ba.

Gaskiyar magana, ɓangarorin biyu suna jayayya ne a kan taga da maɓalli, alhali abin da ɗalibin Hausa ke iya rasawa ya fi wannan girma. Abin da ke cikin haɗari shi ne haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ wadda ƙa'idar Nijar ke amfani da ita a inda Nijeriya ke rubuta y mai ɗauke da alamar hamza a gabanta. Idan ƙugiya ta faɗi, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. A rubutun hira ana iya gane nufi, amma a kundin nazarin tsarin sauti ko ginin kalma, kuskure ne da ke rushe hujja. Kafin tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya yaɗu, masu buga Hausa sukan yi dabara da wasu zubin haruffa na musamman, inda ake ɗora ƙ ko ɗ a gurbin wata alama daban. Muddin aka buɗe takardar a na'urar da ba ta da wannan zubi, sai rubutun ya rikice. Unicode ya ba kowane ɗayan waɗannan haruffa, babba da ƙarami, lambarsa ta dindindin, ta yadda ƙ ɗin da aka rubuta a waya ita ce za ta bayyana a kowace kwamfuta.

Don haka ra'ayin da ya fi dacewa shi ne a raba al'amarin gida biyu. A abin da ya shafi matani da hanyar shigar da haruffa, ɗalibi ya riƙe abu ɗaya duk inda ya je. A abin da ya shafi buɗe taga, ajiye fayil, bugawa da sauran hidimomin na'ura, ya bi al'adar gidan da ya sauka.

Riƙe matani yana nufin rubuta shi da haruffan Unicode na ainihi, da zubin da ke ɗauke da su, kamar Charis SIL da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, ko Noto na Google. Yana kuma nufin ajiye aiki a tsarin fayil da manhajoji da yawa ke iya buɗewa, sannan a mayar da shi PDF kafin a kai shi wurin bugawa, domin PDF kan tafi da zubin haruffansa. Riƙe hanyar shigarwa kuwa ya sami mataimaki a manhajar Keyman, wadda SIL ke kula da ita kyauta, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone. Wanda ya zaɓi tsari ɗaya a cikinta, yatsunsa za su san inda ƙ take ko da na'ura ta sauya. A nan sabo alheri ne, domin ana danna waɗannan haruffa ɗaruruwan lokuta a babi guda, kuma duk lokacin da samun su ya yi wuya, mai rubutu yakan gaji ya bar su.

Akwai ƙorafi mai ma'ana a kan wannan shawara: mai shago ba zai yarda kowane ɗalibi ya ɗora masa sabuwar manhaja ba. Haka ne. Amma ɗalibi yana iya rubuta matanin a wayarsa, inda madannai irin na Gboard suke da Hausa, ya kai shago domin tsarawa kawai. Yana kuma iya ajiye ƙaramin fayil mai ɗauke da haruffan takwas, manya da ƙanana, ya riƙa kwafa daga ciki. Hanya ce mai jan lokaci, amma ta fi miƙa kundi marar ƙugiya.

A ɗaya ɓangaren, ɗalibin da ya sami Mac ya ɓata mako yana neman mayar da ita Windows, ko ya ƙi taɓa Linux don maɓallanta sun bambanta, ya sa ƙarfinsa a inda ba ya da riba. Bambance-bambancen ba su da yawa, kuma ƴan kwanaki sun isa a saba da su.

Nauyi na ƙarshe yana kan malamai da sassan nazarin harsuna. Bai kamata sharaɗin karɓar aiki ya zama sunan wata manhaja ba. Sharaɗin da ya dace shi ne malami ya buɗe fayil a tasa na'urar, ya nemi kalmar ƙasa da umarnin bincike, ya same ta da ƙugiyarta. Aikin da ya tsallake wannan gwaji zai karantu a Yamai da Kano da Kumasi, a yau da kuma bayan an daina yayin na'urorin da aka rubuta shi da su.