Daga Tara Na Safe Zuwa Tara Na Dare: Ina Iyakar Aikin Albashi A Musulunci?

 

'Yan uwa Musulmi, musamman ɗalibanmu da suka duƙufa kan ilimin kwamfuta, a watan Fabrairu na 2025 jaridun Amurka sun ruwaito cewa Sergey Brin, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa kamfanin Google, ya rubuta wa ma'aikatan da ke aikin ƙirƙirarriyar basira cewa awa 60 a mako ita ce ta fi dacewa da mai son aiki ya yi kyau. Kafin shi, a watan Oktoba na 2023, Narayana Murthy, wanda yake cikin waɗanda suka kafa kamfanin Infosys na ƙasar Indiya, ya yi kira ga matasan ƙasarsa su riƙa yin awa 70 a mako. A watan Yuli na 2024 kuma aka kawo shawara a jihar Karnataka, inda birnin Bangalore yake, cewa a ba kamfanonin fasaha damar kai ranar aiki har awa 14, abin da ya sa ma'aikata suka fito zanga-zanga. Waɗannan maganganu daga nesa suka fito, amma irin waɗannan kamfanoni ne yaranmu suke burin yi wa aiki, don haka ya zama wajibi mu duba lamarin da ma'aunin shari'a.

Abin da ya faru a ƙasar Sin

Babu inda wannan al'ada ta fito fili kamar ƙasar Sin, inda ake kiranta 996, wato shiga aiki ƙarfe tara na safe, tashi ƙarfe tara na dare, kwana shida a mako. Jimla awa 72 ke nan, alhali dokar ƙwadago ta ƙasar ta tsayar da awa 8 a rana da awa 44 a mako, kuma ba ta yarda ƙarin lokaci ya wuce awa 36 a wata ba. A watan Maris na 2019 masu rubuta manhaja suka ƙaddamar da wani yunƙuri da suka sa wa suna 996.ICU, ma'ana mai irin wannan aiki ƙarshensa ɗakin kula da masu matsanancin ciwo a asibiti. Bayan wata ɗaya Jack Ma, mai kamfanin Alibaba, ya fito ya ce samun damar yin 996 babbar ni'ima ce ga matashi. A ƙarshen Disamba na 2020 wata ma'aikaciyar kamfanin Pinduoduo, 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta yanke jiki ta faɗi a kan hanyar gida bayan ta tashi daga aiki cikin tsakar dare, kuma rai ya yi halinsa. Sai a watan Agusta na 2021 Kotun Ƙoli ta ƙasar tare da ma'aikatar ƙwadago suka fito ƙarara suka ce 996 ya saɓa wa doka.

Mu yi lissafi mai sauƙi. Yini da dare awa 24 ne. A cire awa 12 na ofis, a cire awa 8 na barci, saura awa 4. A cikin awa huɗun nan mutum zai je ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, ya gaida iyaye, ya zauna da iyali. Idan Musulmi ne kuwa, Azahar da La'asar da Magariba da Isha'i duk a bakin aiki za su same shi. Da yake awa huɗu ba ta isa, barci ake yankewa, kuma daga nan lafiya take fara tafiya.

Me ya sa aikin kwamfuta ya fi faɗawa cikin wannan?

Manomi idan rana ta faɗi dole ya ajiye fartanya, ɗan kasuwa kuma idan an watse ya rufe rumfa. Shi kuwa ma'aikacin kwamfuta ofishinsa yana cikin jakarsa, kuma maigidansa yana cikin wayarsa. Manyan na'urorin da ke ɗauke da bayanan banki ko na kamfanin sadarwa ba sa barci, saboda haka akan sa injiniyoyi zaman jiran kira bi da bi, duk lokacin da wani abu ya lalace, ko ƙarfe uku na dare ne, wayar mai jiran ce za ta yi ƙara. Gyare-gyare da sabunta manhaja ma da dare ko a ranakun hutu ake yin su, don a lokacin ne jama'a ba su cika amfani da ita ba. Sannan ga wa'adin miƙa aiki, wanda sau da yawa masu neman ciniki ne suke yi wa abokin hulɗa alkawarinsa ba tare da sun tambayi masu aikin ko zai yiwu ba. A wurare da dama albashin wata ne tsayayye, ko an yi awa 40 ko an yi 70 kuɗin ɗaya ne.

A kan wannan kuma ga tsoron kora. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta ya sallami ma'aikata kimanin 11,000, a Janairu na 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. Wanda ya ga an kori na kusa da shi, ba sai an ce masa ya kwana a ofis ba.

A nan ne lamarin ya shafe mu kai tsaye. Matashin da yake zaune a Yamai yana yi wa wani kamfani na Kaliforniya aiki ta intanet, tsakaninsa da su akwai tazarar awa takwas zuwa tara. Taron da suka sa ƙarfe biyu na rana, a wurinsa ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare ne. Idan ya gama ya kwanta ƙarfe biyu, abu na farko da zai fara kuɓuce masa shi ne sallar Asuba.

Abin da likitoci suka tabbatar

A watan Mayu na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ce idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta ambaci matsananciyar gajiyar aiki a cikin kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin hali da wurin aiki yake haifarwa, kuma ta ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da ƙosawa da aikin har mutum ya ji ya tsane shi, da raguwar ƙwazo. Wanda ya kai wannan hali yakan yi zaton lalaci ne ya kama shi ko raunin imani, alhali jiki ne aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa.

Ma'aunin shari'a

Musulunci bai taɓa yabon zaman banza ba, kuma neman halal da ƙarfin mutum abu ne mai daraja. Amma aikin albashi a wurin malaman fiƙihu ƙulla yarjejeniya ce da ake kira ijara, kuma tana da sharuɗɗa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san cewa a babin ciniki an gindaya wa ijara a yanke mata lokaci kuma a ambaci ladanta. Malamai sun bambanta tsakanin mai sana'ar da yake karɓar aikin kowa, kamar tela, wanda ake biya a kan abin da ya ɗinka, da ma'aikaci na musamman wanda lokacinsa aka saya. Ma'aikacin kamfani yana cikin kashi na biyu. To idan lokaci ne abin sayarwa, dole a san adadinsa. Yarjejeniyar da aka rubuta awa takwas a takarda, amma a aikace ana nufin duk lokacin da aka kira ka, ta shigo da jahiltar abin da aka ƙulla a kansa, kuma irin wannan shi ne shari'a take toshewa a cikin mu'amala. Malamai sun kuma bayyana cewa lokutan sallolin farilla ba sa shiga cikin abin da mai ɗaukar aiki ya mallaka.

A cikin Suratul Ƙasas, Allah Ya ba mu labarin yarjejeniyar Annabi Musa (AS) da dattijon Madyana. An yanke shekara takwas a fili, aka bar ƙarin biyu a matsayin zaɓin Musa idan ya ga dama, kuma dattijon ya bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa. Wannan shi ne tsarin: abin da yake wajibi sananne ne, ƙari kuma kyautatawa ce daga ma'aikaci, ba a ƙwace ta da barazana. Suratul Muɗaffifina kuwa ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Kamfanin da yake karɓar awa 72 ya biya kuɗin awa 44, ina bambancinsa da mai mudu biyu a kasuwar hatsi? A cikin Sahihul Bukhari an ruwaito cewa daga cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Hadisin Abu Zarri (RA) kuma ya hana ɗora wa na ƙasa da kai abin da zai rinjaye shi, idan kuwa an ɗora, to a taya shi. Wannan a kan bayi ya zo, to ina ga ɗa mai 'yanci?

Shi ma ma'aikacin yana da nasa hisabin. Lokacin da Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda'i (Allah Ya ƙara musu yarda), ya tarar ya yi watsi da iyalinsa saboda azumin nafila da tsayuwar dare. Sai ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya yi barci, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. Idan ba a yarda a tauye haƙƙin jiki da na iyali saboda nafilar ibada ba, yaya za a yarda saboda wa'adin wata manhaja?

Wani zai ce, malam, aiki ya yi wuya, wanda ya samu na dala ko yuro ai sai ya riƙe da hannu biyu. Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya ajiye aikinsa ba. Lokacin girbi manomi yakan wuni a gona har duhu, haka ma idan na'ura ta lalace mutane suka kasa cire kuɗinsu, tsayawa a gyara taimako ne mai lada. Amma girbi yana da ƙarshe, kuma amfanin yana shiga rumbun manomin. Abin da muke magana a kansa shi ne a mayar da lalura ta zama ƙa'ida shekara da shekaru, ba da yardar ma'aikaci ba, kuma ba tare da biya ba.

Abin da ya kamata mu yi

Ga ɗalibai da masu neman aiki, kafin ku sa hannu ku tambayi abu huɗu, kuma a rubuta su: awa nawa ne a mako, yaya ake biyan ƙarin lokaci, sau nawa zaman jiran kira zai zo kanku, kuma da agogon wace ƙasa za a yi aikin. Ku faɗi maganar salloli da Juma'a tun ranar farko. Ku san cewa dokokin ƙwadago na Nijar da Ghana da Kamaru duk sun tsayar da awa 40 a mako a matsayin asali, don haka mai neman haƙƙinsa ba tawaye yake yi ba. A ɗaya ɓangaren, awannin da aka biya ku amana ce, ba a cinye su a kallon waya.

Ga 'yan uwanmu masu kamfanoni da shugabannin ofisoshi, idan aiki ya fi ƙarfin mutum uku, a ɗauki na huɗu ko a ɗaga wa'adi. Faransa tun 2017, da Ostareliya tun 2024, sun shigar da haƙƙin ma'aikaci na rashin amsa saƙon aiki bayan tashi a cikin dokokinsu. Musulmi bai kamata ya jira doka ta tilasta masa abin da addininsa ya riga ya umarce shi ba.

Ga iyaye da dangi kuma, mu ji tsoron Allah game da yaranmu. Da yawa abin da yake hana su cewa a'a shi ne buƙatun da muke jera musu kowane ƙarshen wata. Idan muka ga yaro ya rame, ya daina zumunci, ya yawaita fushi, an daina ganinsa a sahun Asuba, mu fara tambayarsa lafiyarsa kafin mu tambaye shi kuɗi, kuma mu sa shi ya ga likita. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Limamai ma su sa haƙƙin ma'aikaci a cikin huɗubobinsu, domin babi ne na fiƙihu da muka daɗe ba mu buɗe wa jama'a ba.

Allah Ya sanya albarka a cikin neman matasanmu, Ya azurta su da halal mai yalwa, Ya tsare musu lafiyarsu da sallarsu. Allah ne Mafi sani.