Garin da ya ba Najeriya sojoji, yau shi ke neman mai gadi

1/ Duk sanda na ce ni ɗan Zuru ne a makaranta, amsa ɗaya nake samu: "Au, garin sojoji!" Haka ne kam. Amma ku tsaya ku ji abin da ke bayan kirarin.

2/ Zuru tana kudancin Kebbi, cikin duwatsu, daf da jihohin Neja da Zamfara. Waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, Lelna suke kiran kansu, yarensu C'lela. Ga Fakkawa, ga Dukkawa, ga Kambari. A gida ɗaya sai ka tarar da Musulmi da Kirista.

3/ Kun san golmo? A al'ada saurayi kan yi shekara 7 yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Kai da ke kukan tsadar lefe, ka gode Allah.

4/ Wanda ya jure golmo, fareti ba zai ba shi tsoro ba. Tun zamanin Turawa samarinmu ke shiga soja. Janar Ishaya Bamaiyi ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Marigayi Sarki Sani Sami Gomo II Manjo Janar ne, ya yi gwamnan Bauchi a 1984.

5/ Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Maris 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a masarautar nan. A Nuwamba 2025 aka kwashe ɗalibai mata 25 a Maga.

6/ Kawuna ya bar gonarsa ta ƙauye, yana zaune cikin gari yana auno dawa a kasuwa. Da na je hutu ya ce: "Ɗana, Uhola bikin godiyar girbi ne. In ba a yi noma ba, godiyar me za a yi?"

7/ Ni dai a ganina kirarin ya isa haka. Sunan janar ba ya raka manomi gona. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi: ƙauyuka nawa ne mutanensu suka koma gida a Danko/Wasagu da Sakaba?

8/ 'Yan Zuru, ku rubuto sunan ƙauyenku a ƙasa, ku faɗa mana ko an yi noma bana.