Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ƴan wasan jami'o'in Amurka ma'aikata ne

A shekarar 1955, wani ɗalibi mai suna Ray Dennison ya bugu a ka yana wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka da sunan makarantarsa, a jihar Kolorado, bai tashi ba. Matarsa ta nemi diyyar da doka ta tanada wa iyalin ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki. A 1957 kotun ƙolin jihar ta hana ta, bisa hujjar cewa mamacin ɗalibi ne, kuma makarantar ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A kan wannan hujja aka gina kasuwa ta miliyoyin miliyoyi, wadda kowa ke cin abinci a cikinta ban da mai zubar da gumi.

Ƙungiyar da ke riƙe da ragamar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, an kafa ta a 1906. Jami'o'i fiye da 1,000 ne ke ƙarƙashinta, da ƴan wasa kimanin rabin miliyan. Walter Byers, wanda ya shugabance ta daga 1951 zuwa 1987, ya faɗa da kansa, cikin littafin da ya fitar a 1995, cewa da gangan suka ƙago laƙabin "ɗalibi ɗan wasa" domin kada wata kotu ta kira waɗannan matasa ma'aikata. Ashe sunan ma tun asali garkuwa ce ta tsare akwatin kuɗi.

Akwatin kuwa ba ƙarami ba ne. A 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner sun sayi izinin nuna gasar ƙwallon kwando ta maza, wadda ake yi kowane watan Maris, a kan dalar Amurka miliyar 10.8 na shekara 14. A 2016 suka ƙara miliyar 8.8 domin yarjejeniyar ta kai 2032. Nick Saban, mai horas da ƴan ƙwallon jami'ar Alabama, wadda ta gwamnatin jiha ce, yana karɓar fiye da dalar Amurka miliyan 11 a shekara kafin ya ajiye aiki a farkon 2024, alhali albashin shugaban ƙasar Amurka dubu 400 ne. Shi kuwa yaron da mutane suka cika fili domin kallonsa, tsohuwar doka ta haramta masa karɓar ko sisi, ko da a kan sa hannunsa ne a bayan riga.

Masu kare tsohon tsari suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Ta farko ita ce, ai ana biyansu: karatu kyauta, ɗaki kyauta, abinci kyauta, a ƙasar da ɗalibai ke fita jami'a da bashi a wuya. Gaskiya ne wannan abu ne mai daraja. Amma kowane ɗan kasuwa ya san ci da kwana ba su ne ladan yaron shago ba. Maigida nagari yana ciyar da yaronsa, sannan in lokaci ya yi ya sallame shi da jari. Wanda ya ci ƙuruciyar yaro ya sake shi hannu rabbana, kasuwa ta san sunan da take kiransa. Jarin da jami'a ke alkawari shi ne digiri. To, yaya darajar digirin? A 2014 wani bincike a jami'ar Karolina ta Arewa ya gano cewa cikin shekara 18 an ba ɗalibai fiye da 3,000 maki a kan darussan da babu malami babu aji, kusan rabinsu ƴan wasa ne, domin kawai su ci gaba da buga wasa. A shekarar dai, Shabazz Napier, tauraron jami'ar Konetikat da ta ci kofin ƙasa, ya shaida wa ƴan jarida cewa akwai dararen da yake kwana da yunwa. Ba a jima ba NCAA ta janye ƙa'idar da ta taƙaita abincin ƴan wasa.

Hujja ta biyu ita ce, su yi haƙuri, gaba za su yi arziki a manyan ƙungiyoyin ƙwararru. Alƙaluman NCAA kanta sun nuna waɗanda ke kaiwa can ba su kai 2 cikin 100 ba. Ga sauran, shekaru huɗun jami'a su ne kaɗai lokacin da ƙarfinsu yake da farashi. Gwiwa in ta lalace a shekara ta uku, mai ita ne zai yi ɗingishi har tsufa, jami'a kuwa ta ɗauko wani.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. Yawancin wasanni, kamar iyo da guje-guje da kokawa, ba sa kawo riba, kuma kuɗin ƙwallon ƙafa da na kwando ne ke ɗaukar nauyinsu. Akwai kuma dokar 1972 da ta wajabta daidaita maza da mata a makarantun da ke samun kuɗin gwamnatin tarayya. In an biya taurari, in ji su, ƙananan wasanni za su mutu. Haɗarin gaskiya ne. Sai dai abin tambaya, don me ladan ɗan wasa kaɗai za a yanka domin a raya waɗannan wasanni? Ba a taɓa jin an ce mai horaswa ya yi aiki kyauta don ƴan iyo su sami ruwa ba. Sadakar da aka ɗebo daga aljihun wani ba da izininsa ba, sunanta ƙwace. Kuma kada a manta da yawa daga cikin taurarin waɗannan wasanni biyu baƙar fata ne, ƴaƴan talakawa.

Ba don Allah aka gyara ba, kotu ce ta tilasta. Ed O'Bannon, wanda ya ci kofi da jami'ar UCLA a 1995, ya ga siffarsa cikin wani wasan kwamfuta da ake sayarwa ba tare da an tambaye shi ba, ya kai ƙara a 2009, kuma a 2014 alƙaliya Claudia Wilken ta ba shi gaskiya. A 2019 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta ba ɗan wasa damar cin moriyar sunansa da hotonsa. A watan Yunin 2021 alƙalai 9 na kotun ƙolin Amurka, baki ɗaya, suka kayar da NCAA a shari'ar Alston, ɗaya daga cikinsu, Brett Kavanaugh, har yana cewa irin wannan tsari haramun ne a kusan kowace sana'a a ƙasar. Ranar 1 ga Yulin shekarar aka buɗe wa ƴan wasa ƙofar talla. A Yunin 2025 alƙaliya Wilken ta amince da sulhun da ya tanadi diyyar kusan dalar Amurka miliyar 2.8 ga waɗanda aka tauye tun daga 2016, ya kuma ba kowace jami'a izinin raba wa ƴan wasanta har miliyan 20.5 a shekarar farko, wato fiye da miliyar 10 na sefa.

Ci gaba ne, amma rabin hanya ce. Sulhun ya yarda a ba su kuɗi, bai kira su ma'aikata ba. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin bambancin kyauta da albashi: kyauta mai bayarwa ne ke yanka ta, albashi kuwa haƙƙi ne da ake zama a yi ciniki a kansa, ana kai ƙara in an riƙe shi, ana yajin aiki in an yi taurin kai. An ƙayyade iyakar abin da za a raba ba tare da wata ƙungiyar ƙwadago ta ƴan wasa ta sa hannu ba. Ƴan Afirka ma abin ya shafe su, domin bizar ɗalibi tana taƙaita musu aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da aka zaɓa gwarzon ƙwallon kwando na jami'o'i a 2022, sai da tawagarsa ta je tsibiran Bahamas ya samu damar yin aikin tallarsa.

Abin da ya dace a bayyane yake. Duk wasan da ake sayar wa talabijin, masu buga shi a ba su takardar aiki, da inshorar jinya wadda ba ta ƙarewa ranar da suka tuɓe riga, da ƴancin kafa ƙungiya, da damar komowa su kammala karatu in rauni ya tsayar da su. Ƙananan wasanni kuma a ware musu kaso daga kuɗin shiga gaba ɗaya, kowa ya ji a jikinsa, daga mai horaswa har shugaban jami'a. Jami'ar da ta ga ba za ta iya ba, ta rufe shagon ta koma aji, tunda dama koyarwa aka kafa ta yi.