SHINGEN FASKARE A AMURKA: ADO NE KO TSARO?

A ƙasar Amurka akwai wani irin shinge wanda har yanzu masu gonaki da masu gidajen bayan gari suke sha'awa, watau shingen faskare. Akan yanka gungume mai tsawon ƙafa 10 ko fi, a tsaga shi a tsaye, kamar yadda ake tsaga giginya a fid da azara. Sa'an nan a jera, wannan bisa wancan, a karkace kamar tafiyar maciji. Ba a bukatar ƙusa, ba a haƙa rami. Abin da ya sa Turawan farko da suka zauna can suka riƙe shi ke nan, gama ƙusa tana da tsada a wurinsu, itace kuwa har ya yi musu yawa. Shugaba Abraham Lincoln ma ya yi aikin faskaren nan da ƙuruciyarsa, har aka yi masa kirari da shi a zaɓen 1860.

To, amma zamani ya juya. A 1874 Joseph Glidden ya sami rajistar waya mai ƙaya, wadda ta fi araha nesa. Babbar hasara kuma ta biyo baya. Itacen da aka fi so don wannan aiki shi ne cesnat, saboda yana da sauƙin tsagawa, ba ya kuwa ruɓa da wuri. A 1904 aka ga wata cuta ta kama shi a birnin New York, kafin shekara hamsin ta kashe itatuwa miliyan dubbai.

Saboda haka wanda yake son shingen yau, sai ya zaɓa tsakanin lokas, da al'ul, da fayin da aka jiƙa da magani. Lokas yana daɗewa ƙwarai cikin ƙasa, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba. Fayin ya fi araha, amma ƙarkonsa duk a kan maganin yake, tsohon maganin kuwa mai gubar arsanik an daina sa shi a katakon gidaje tun ƙarshen 2003. Al'ul da yawa daga Kanada yake zuwa, ga shi a 2025 Gwamnatin Amurka ta ɗaga kuɗin fiton katakon Kanada har ya haura kashi 35 cikin ɗari.

A ganina zaɓen itace ba shi ne babbar magana ba. Tambayar ita ce, me ake so shingen ya tsare? Idan ya yi tsawo yana riƙe doki da saniya. Akuya da kare kuwa, ko a jikinsu, ta tsakanin itatuwan za su bi. Shi ya sa da yawa sukan ƙara ragar waya daga ciki, watau an biya kuɗin shinge biyu ke nan. Mai karkacewar nan yana cin itace da fili, don haka yawanci yanzu dirkoki ake kafawa masu huji, a zura itace biyu ko uku, gindin dirka kuwa shi ke fara ruɓa.

Malaminmu da ya ga hotonsa ya yi sha'awa don lambun makaranta, ya tuna akuya ce abokiyar gabarsa, ga gara, ga masu neman makamashi. Aduruku ko bi-ni-da-zugu da 'yan makaranta za su dasa da damina ba ya cin ko kwabo daga baitulmali.