Iya Ruwa Fidda Kai: Shirin Gajeriyar Tafiyar Nutso A Zanzibar

Ma'aikacin da ya sami hutun mako guda, ya kuma tara guzuri domin ya je ya ga abin da Allah ya halitta a ƙarƙashin teku, yana da abokin gaba guda ɗaya wanda ya fi kifin shak haɗari, watau gaggawa. Kwanaki kaɗan ne, kuɗin jirgi da na masauki sun ci aljihu, saboda haka zuciya za ta riƙa raya masa cewa kowace rana sai ya shiga ruwa, tun daga ranar isa har zuwa safiyar komawa. Wannan tunani shi ne ya kamata a kawar tun kafin a sayi tikiti. Gajeriyar tafiyar nutso daga ƙarshenta ake fara shirya ta: a dubi ranar da jirgin komawa zai tashi, a ware yinin da ke gabanta ba a taɓa ruwa ba, sa'an nan a raba abin da ya saura.

Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya ya isa misali, domin yana cikin wuraren da matafiyi daga Nijeriya zai iya kaiwa ta hanyar Adis Ababa ko Nairobi. Ruwan Tekun Indiya a can yana da ɗumi duk shekara, akwai duwatsun murjani masu kyau a kewayen ƙaramin tsibirin Mnemba, kuma galibin mazauna Musulmi ne, don haka baƙo ba zai sha wuyar abinci ko masallaci ba. Amma dokokin da za a ambata a nan ba na Zanzibar kaɗai ba ne. Nauyin ruwa iri ɗaya ne a Bahar Maliya da gaɓar Kenya da ko'ina.

Dalilin ware yinin ƙarshe yana cikin jinin mutum. Iskar da ake shaƙa, kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. A bakin teku ba ta da wata illa. To, amma kowane zurfin mita 10 yana ƙara wa mai nutso matsi daidai da nauyin dukan iskar da ke bisa kansa a doron ƙasa, kuma a ƙarƙashin wannan matsi naitirojin takan narke ta shiga jini da tsoka. Idan matsin ya ragu sannu a hankali, sai ta fita ta huhu ba tare da an sani ba. Idan kuwa ya ragu farat ɗaya, sai ta taso da kumfa, kamar yadda kwalbar lemo take yi in an ɓalle murfinta. Kumfar nan ita ke kawo ciwon gaɓoɓi, da jiri, da mutuwar sashen jiki, wani lokaci har da rasa rai. Bafaranshen nan Paul Bert ya bayyana haka tun 1878, kuma a 1908 John Scott Haldane ya tsara wa sojan ruwan Ingila jadawalin farko na yadda za a riƙa tasowa mataki mataki.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, hawa jirgin sama ci gaba ne da tasowa daga ruwa. Matsin iskar cikin jirgin fasinja yakan yi daidai da na kan dutse mai tsawon mita 2,400 ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya fito daga teku da rana, ya hau jirgi da dare, ya ɓalle murfin kwalbar sau biyu ke nan. Saboda haka ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ba da shawara tun 2002 cewa a dakata aƙalla awa 12 bayan nutso guda, aƙalla awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Masu hankali sukan cika shi awa 24. Haka kuma wanda yake son ya haɗa tafiyar da hawan Dutsen Kilimanjaro, mai tsawon mita 5,895, wajibi ne ya fara da dutsen, ya ƙare da teku.

Wanda yake ganin maganar nan ta yi tsanani, ya tuna abin da ya faru a gaɓar Nijeriya cikin watan Mayu na 1913 da ɗari, watau 2013. Wani jirgin ruwa mai jan jirage ya kife ya nutse zurfin kimanin mita 30, kuma mai dafa abincin jirgin ya rayu wajen awa 60 a cikin 'yar iskar da ta maƙale a wani ɗaki. Da masu nutso suka same shi da rai, ba su yi gigin ɗauko shi kai tsaye zuwa sama ba, domin sun san jikinsa ya ƙoshi da naitirojin. Sai da aka sa shi a ɗakin matsin iska, aka yi ta rage matsin kaɗan kaɗan har fiye da kwana biyu, kana ya fito ya ga rana.

Idan an ware ranar ƙarshe, sai a dubi ta farko. Mutumin da ya kwana a hanya, ya sauya jirgi, ya iso da gajiya da ƙishirwa, bai dace ya goya tulun iska washegari da asuba ya nufi zurfi ba, domin ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake ganin suna ƙara haɗarin ciwon kumfa. Wannan ne ma ya sa ya kyautu a kauce wa watan azumi. Lissafin hutun kwana 7 kuwa ga yadda zai kasance: kwana guda na zuwa, kwana guda na hutawa da ɗan gwaji a ruwa marar zurfi, kwana 3 na nutso sau biyu a yini, kwana guda a tudu, kwana guda na komawa. Yinin tudun nan ba asara ba ne. Akwai tsohon birnin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, akwai kuma gonakin kanumfari da suka sa sunan tsibirin ya shahara.

Wannan lissafi na wanda ya riga ya sami takardar shaida ne. Sabon shiga yana da wani aiki a gabansa. Horon farko da manyan ƙungiyoyin koyarwa irin su PADI suke bayarwa yakan ci kwana 3 zuwa 4, ya ƙunshi karatu, da gwaji a kududdufin wanka, da nutso 4 a teku tare da malami, kuma takardar da za a samu ba ta yarda a wuce zurfin mita 18 ba. Kafin a ba da ita sai ɗalibi ya yi iyo na mita 200, ya kuma tsaya a saman ruwa minti 10 bai riƙe komai ba. Hikima ita ce a koyi iyo a gida, a gama sashen karatu ta intanet kafin a tashi, don kada kwanakin da aka biya da tsada su ƙare a cikin aji. Wanda bai da wannan lokaci, akwai nutson ɗanɗano na yini guda, hannu da hannu da malami, wanda ba ya wuce mita 12, ba ya kuma mai da mutum gwani.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga wanda ya tashi a bakin kogi yana taƙama da iya ruwa. Masuntan Argungu da sarkawan Kwara suna nutso da riƙe numfashi, kuma wannan gwaninta ce ta gaske. Amma ga mai tulun iska, riƙe numfashi shi ne babban laifi. Iskar da aka shaƙa a zurfin mita 10 takan ninka girmanta sau biyu kafin a iso sama, kuma idan an toshe mata hanya sai ta yaga huhu. Dokar farko ita ce a yi ta numfashi ba tsayawa. Ta biyu, a taso a hankali, kada a wuce mita 18 a minti guda, gara ma rabin haka, a kuma dakata minti 3 a zurfin mita 5. Ta uku, a riƙa duban agogon tulu: cikakken tulu yakan nuna 200, kuma ana so a fito tun bai sauka ƙasa da 50 ba. A tuna cewa a zurfin mita 30 iska tana ƙarewa da sauri ninki huɗu bisa yadda take ƙarewa a sama.

Kafin duk wannan akwai ganin likita, kuma likitan gida ya fi sanin mutum. Ciwon fuka, da farfaɗiya, da ciwon zuciya, da hawan jinin da ba a shawo kansa ba, duk suna iya hana nutso, haka nan mace mai ciki ba ta yi. Ko mura ma tana hanawa, domin toshewar hanci ba ta barin matsi ya daidaita a cikin kunne. Akwai kuma abin da ya shafi mutanen ƙasar nan fiye da Turawan da aka tsara takardun tambayar dominsu, watau amosanin jini, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da shi. Mai wannan ciwo nutso ba nasa ba ne, wanda kuma ya gaji rabinsa ya nemi shawarar likita tukuna. Takardar tambayar lafiya da ake cikewa a wurin nutso, wanda ya yi ƙarya a cikinta don kada kuɗinsa su tafi banza, kansa ya cuta.

Sai maganar lokaci da takardu. Daga Maris zuwa Mayu ake manyan ruwan sama a Zanzibar, ruwan teku yakan gurɓace, wasu masaukai ma sukan rufe. Daga Yuni zuwa Agusta iskar kudu, wadda mutanen wurin suke kira kusi, takan tayar da igiyar ruwa. An fi samun natsuwar teku wajen Oktoba da Nuwamba, da kuma Fabrairu. Mai fasfon Nijeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, tilas ya nema tun da wuri, domin irin tasa sai an miƙa ta ga hedkwatar shige da fice, kuma tana iya ɗaukar makonni. Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta a kan dala 44. Duk da haka ya kamata matafiyi ya tambaya a rubuce ko inshorar da ke hannunsa ta ƙunshi haɗarin nutso da jinya a ɗakin matsin iska, domin da yawa daga inshorar tafiya ba su ƙunsa ba.

Zaɓen kamfanin da zai fitar da mutum teku shi ne wurin da araha ta fi yin ɓarna. Baƙo ko da ido makaho ne, amma yana da baki, kuma akwai tambayoyin da kamfanin kirki ba ya jin haushinsu. Akwai tulun oksijin na taimakon gaggawa a cikin kwalekwalen? Mutum nawa jagora guda yake kula da su? Ina ne ɗakin matsin iska mafi kusa, kuma awa nawa ake yi kafin a kai can? Yaushe aka duba kayan shaƙar iska? Ana kiran suna kafin a tashi da bayan an fito? Tambayar ƙarshen nan tana da tarihi: a watan Janairu na 1998 wani jirgin masu nutso a Ostareliya ya koma gaɓa ya bar mata da miji a tsakiyar teku, ba a farga ba sai bayan kwana biyu, ba a kuma sake ganinsu ba. Kamfanin da bai nemi ganin takardar shaidar mutum ba, ko ya yarda ya kai sabon shiga mashigin Pemba mai ƙarfin igiya, ya riga ya nuna halinsa.

Akwai kuma haƙƙin tekun kansa. Murjani halitta ce mai rai, manyan curinsa ba sa ƙaruwa fiye da kimanin santimita guda a shekara, don haka abin da ƙafar ganganci ta karya cikin daƙiƙa guda aikin shekaru ne. Zafin teku na 1998 ya kashe murjani mai yawa a Tekun Indiya, a 2024 kuma masana suka ba da sanarwar irin wannan annoba a duniya karo na huɗu. Tanzaniya ta keɓe ruwan tsibirin Mafia a 1995 domin kare shi, kuma kuɗin shiga da ake karɓa a irin waɗannan wurare bai kamata a nemi hanyar zille masa ba. Dubban masunta ne suke ci daga kifin da ke hayayyafa a cikin duwatsun nan. Baƙon kwana uku ba shi da ikon taɓawa, ko ɗauka, ko taka abin da abincin wasu ya dogara a kansa.

Wani zai ce duk wannan sha'anin masu hannu da shuni ne, ba ruwan ƙaramin ma'aikaci ko ɗan makaranta da shi. Gaskiya ne tafiyar tana da tsada. Amma Nijeriya tana da gaɓar teku ta fiye da kilomita 800, da tashoshin jiragen ruwa, da rijiyoyin mai a cikin teku, da madatsun ruwa irin su Kainji da Tiga, kuma duk suna bukatar masu nutso da suka sami horo. Ɗalibin da ya fara da sha'awa yana iya ƙarewa da sana'a, muddin ya koyi ladabin ruwa tun daga nutsonsa na farko.

Saboda haka wanda ya yi niyya, ya fara da likita da kududdufin koyon iyo, ya nemi biza da wuri, ya zaɓi wata mai kyau, ya yi wa kamfani tambayoyi, ya kuma ja layi a kan yinin ƙarshe tun yana gida. Nutso 6 da aka yi cikin natsuwa sun fi 10 da aka yi ana duban agogon jirgi. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai, kuma mai nutso bai gama fidda kansa ba sai ya sauka daga jirgin sama lafiya a gaban iyalinsa.