Ɗan Hakin Da Ka Raina

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ja hankalinku a kan wasu 'yan ƙananan kalmomi na Turanci waɗanda muke rainawa, wato "a", "an", "the" da 'yan'uwansu. Su ne ake sa wa gaban suna don a fayyace wane ake nufi, ko guda nawa. Sau da yawa yaro yakan haddace manyan kalmomi don ya burge malami, amma waɗannan ƙananan su ke kayar da shi a jarrabawa.

Wasu suna cewa wai Hausa ba ta da irinsu, shi ya sa suke ba mu wuya. Ni ban yarda ba. Idan mutum ya ce, "Na sayi wata akuya a kasuwar Shinkafi, akuyar ta tsere," ai ya yi amfani da su. "Wata" ita ce "a", domin ba a san akuyar ba tukuna. Harafin "r" da ke ƙarshen "akuyar" shi ne "the", domin yanzu an san ta. Haka kuma "an emir" kowane sarki ne, amma "the Emir of Zurmi" mutum ɗaya ne tak.

Sai dai akwai wuraren da harsunan suka saɓa. Mu mukan ce ruwa da yawa, mutane da yawa. Bature kuwa "much water" zai ce, da "many people", saboda ana ƙirga mutane, ba a ƙirga ruwa. Kuma sauti ake bi wajen "a" da "an", ba harafi ba: "an hour", amma "a university".

Saboda haka ra'ayina shi ne malamai su riƙa fara wannan darasi daga Hausa, maimakon hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. Abin da aka gina a kan abin da yaro ya sani ba ya rushewa.

Maganar ba ta wasa ba ce. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983 tana ƙofar gidanmu, amma wanda bai ci Turanci a WAEC ko NECO ba, sai dai ya hange ta daga nesa. Iyaye kuma ku taimaka, ku sa mu karanta muku ko da shafi ɗaya kullum lokacin hutu. Allah ya ba mu sa'a, amin.