Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa Windows 10, watau babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin da yawa daga cikinmu. Magajiyarta kuwa, Windows 11, ba ta yarda da tsofaffin na'urori da dama. To, ɗalibin da ya fito daga Kangire ko Gwaram, wanda sai da aka sayar da amfanin gona kafin a saya masa kwamfuta ta hannu, ina zai sa kansa?

A ganina mafita ita ce Linux. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya kuma bar ta a buɗe, kowa na da ikon ya duba cikinta, ya gyara, ya raba. Ire-irenta kamar Ubuntu, wadda ta fito a 2004, da Linux Mint, kyauta ake samunsu, kuma akwai marasa nauyi da tsohuwar na'ura ke ɗauka. Buga kundin digiri da LibreOffice, da shiga intanet, da sauraren waƙoƙin da muke nazari, duk suna yiwuwa. Hasali ma, wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta.

Bugu da ƙari, tana zuwa da tsarin madannai na Hausa, mai ɓ da ɗ da ƙ. Kuma tun da a buɗe take, ba sai mun nemi iznin kowa ba kafin mu fassara umarce-umarcenta zuwa harshenmu. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Amma fa ba a rasa cikas. Wasu na'urorin buga takarda sukan yi mata gardama, fasalin rubutu yakan ɗan gurɓace idan aka buɗe shi a Word, kuma masu gyara sun fi sabawa da Windows. Duk wannan rashin sabo ne, maganinsa koyo.

Saboda haka ina roƙon Sashenmu ya ware kwamfuta ko da biyar ce a gwada, kuma malamai su riƙa ba da fassarar manhaja a matsayin jinga. In ba mu yi wa Hausa wannan hidima ba, wa zai yi?